Bashin barci: littafin da muka buɗe a gidanmu

Lahadi, 6 ga Oktoba, 2024

Yau muka buɗe littafin. Irin na 'yan makaranta ne mai shafi tamanin, na saye shi a bakin layinmu a Hayin Banki, cikin garin Kaduna, na ja masa layuka da rula: suna, lokacin kwanciya, lokacin tashi, barcin rana in an samu, sai awon hawan jini kowace Lahadi da safe. Mu biyar ne a ciki. Ni, maiɗakina, Yaya, Hajiyarmu, da maƙwabcinmu direba da ke lodi daga tashar Kawo zuwa Kano.

Ga abin da ya kawo shi. Ana saura kwana uku Babbar Sallar bana Yaya ya faɗi a shagonsa na ɗinki a Kasuwar Barci. Ya shafe kusan mako biyu ba ya sa haƙarƙarinsa a ƙasa sai biyun dare ko uku, asuba kuma yana sahu. Yaron shagonsa ya ce yana tsakar yankan shadda almakashi ya suɓuce masa, ya dafe ƙeya, ya sulale jikin keke. Da aka auna shi a asibiti jininsa ya kai 190 bisa 110. Allah ya taƙaita, ba a kai ga shanyewar ɓarin jiki ba, amma ita ce ta kwantar da mahaifinmu shekara biyu kafin ya rasu, don haka babu wanda ya ɗauki abin da wasa. An ɗora Yaya kan magani, an ce ya rage gishiri, ya riƙa barci.

A watan jiya sai ga saƙo yana yawo a WhatsApp, wai masana sun gano wanda ke rama barcinsa a ƙarshen mako yana rage haɗarin ciwon zuciya da kashi 20 cikin 100. Yaya da kansa ya turo mini, ya rubuta a ƙasa: "Ka gani ko? Lahadi kaɗai ta ishe ni."

Na bi diddigin labarin, kuma yana da tushe. An gabatar da binciken a babban taron likitocin zuciya na Turai da aka yi a Landan a ƙarshen Agustan 2024. Masu binciken daga asibitin Fuwai suke, a birnin Beijing na ƙasar Sin, amma bayanan mutanen Birtaniya suka duba, su 90,903, daga rumbun da ake kira UK Biobank. An ɗaura musu na'ura a hannu tana auna barcinsu, aka bi lafiyarsu kusan shekara 14. Waɗanda suka fi kowa rama barci a ƙarshen mako, an samu ciwon zuciya ya ragu a cikinsu da kashi 19 cikin 100 in an kwatanta da waɗanda ba sa ramawa. A cikin masu ƙarancin barci, wato masu yin ƙasa da awa bakwai a dare, ragin ya kai kashi 20.

Littafin nan ba zai faɗa mana wanda zai kamu da ciwon zuciya ba, mutum biyar ba su isa haka ba. Abin da nake so in gani shi ne nawa muke ci bashi a mako, nawa muke biya, kuma ko akwai ranar biyan ma a irin rayuwarmu.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Mako biyu ke nan. Abu na farko da littafin ya nuna mini shi ne ban san barcina ba. Da an tambaye ni kafin yanzu da na ce awa bakwai nake yi. A rubuce kuwa, daga Litinin zuwa Alhamis, biyar da rabi ne. Ina tashi daga ofis ƙarfe biyar, in wuce ɗan shagon da nake da shi na kayan masarufi, in rufe goma, in ci abinci, in ɗauki waya, sai sha ɗaya da rabi. Kiran sallar farko na tashe ni.

Yaya awa biyar, wani daren huɗu da rabi. Direba biyar zuwa shida. Maiɗakina ce ta ba ni tsoro, zan dawo kanta. Hajiya kaɗai ke cika bakwai da rabi, domin tana idar da isha'i take jan ƙofa. Da na nuna mata shafinta cewa ta yi: "Ai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya son hira bayan isha'i. Ku ne kuka mai da dare rana."

Awon jinin ma sai da muka koyi yadda ake yinsa. Wata ma'aikaciyar jinya a layinmu ta nuna mana: a zauna minti biyar tukuna, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu bisa tebur daidai ƙirji, ba shayi ba goro rabin awa kafin nan, ba magana, a auna sau biyu. Nawa na yau 138 bisa 88. Ban haura 140 bisa 90 da ake kira hawan jini ba, amma a bakin ƙofa nake tsaye, ni da shekara 43.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Na yi niyyar rama barci yau. Bayan asuba na koma na kwanta, ƙarfe bakwai da rabi aka buga ƙofa, an yi rasuwa a Unguwar Kanawa, jana'iza ƙarfe tara. Daga can ɗaurin aure a Tudun Wada ƙarfe sha ɗaya, wani a Rigasa bayan azahar. Gobe yara na da Islamiyya ƙarfe takwas, ni zan kai su.

Na lura da wani abu da saƙon WhatsApp bai faɗa ba. Baturen da aka auna, in ya ce zai rama barci, yakan zarce ne daga dare har tara ko goma na safe a miƙe. Mu kuwa asuba ba ta san Asabar ba. Ramuwarmu gutsuttsura ce: a tashi biyar, a yi salla, a dawo, a yi ta juyi, in barcin ya zo ya zo. Ga kuma tarbiyyar da muka taso da ita, cewa albarka na cikin sammako, har mutum kan ji nauyin a gan shi kwance hantsi ya dubi ludayi.

Mu ma'aikatan jiha muna da wata dama da sauran ba su da ita. Tun Disambar 2021 aka mai da makon aiki kwana huɗu a Kaduna, Juma'a ba a zuwa ofis. Sai dai na duba Juma'o'i huɗu da suka wuce a littafin, babu wadda na ƙara ko awa ɗaya. Ranar nake zuwa sarin kaya kasuwar Sheikh Gumi.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Yau muka yi doguwar muhawara da Yaya a zauren gida, har shayinsa ya huce. Littafi ya nuna yana yin abin da ya ce zai yi: kwana shida yana barcin awa biyar, Lahadi ya koma bayan asuba sai sha ɗaya. Awon jininsa kuma, duk da magani, yana yawo tsakanin 150 da 158 a sama.

Na gaya masa abin da na karanta cikin makonnin nan. Binciken da ya dogara da shi kallo ne aka yi daga nesa, ba gwaji ba. An ga masu ramuwa sun fi lafiya, amma ba a nuna ramuwar ce ta ba su lafiyar ba. Wanda ke da halin kwanciya har hantsi ranar Asabar wataƙila shi ne mai aikin da ke da hutu, mai ɗakin da ba hayaniya, mai rufin asiri. Kuma mako ɗaya tak aka ɗaura wa mutanen na'urar, daga shi aka yi hukuncin shekaru. Abin da ya fi ɗaure mini kai, a cikin wannan shekara ta 2024 wasu masana ƙarƙashin wani ɗan Kanada, Jean-Philippe Chaput, sun duba wannan rumbu na UK Biobank ɗin dai, mutum sama da 70,000, suka ce ba su ga wata alaƙa tsakanin ramuwar ƙarshen mako da raguwar ciwon zuciya ko mutuwa ba. Rijiya ɗaya, guga biyu, kowa da ruwan da ya ɗebo.

Inda aka yi gwaji na gaske kuwa, aka killace mutane ana auna su, labarin bai yi wa ramuwa daɗi ba. A Jami'ar Jihar Pennsylvania ta Amurka, a 2023, an ɗauki samari 15 masu lafiya, aka taƙaita musu barci zuwa awa biyar dare biyar a jere, sannan aka ba su dare biyu na awa goma. Bugun zuciyarsu da ya fara a 69 cikin minti ya kai kusan 78 a ƙarshen kwanakin ramuwar, awon jini na sama ya tashi daga 116 zuwa kusan 119 da rabi. Dare biyu ba su mai da su inda suka fara ba. A Jami'ar Colorado kuma, a 2019, an gwada mutum 36. Waɗanda aka bari su rama a ƙarshen mako, da suka koma gajeren barci sai suka ci gaba da ciye-ciyen dare, suka ƙara sama da kilo ɗaya, jikinsu kuma ya rage karɓar insulin da ke sarrafa sukari.

Dalilin bai da wuyar ganewa. In mutum ya yi nisa cikin barci, awon jininsa kan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin 100, bugun zuciya ya lafa, jijiyoyin jini su saki. Wannan ne hutun da zuciya ke samu, tunda ba ta tsayawa. Wanda ya yanke barcinsa ya yanke mata hutun, jikinsa ya kwana cikin shirin ko-ta-kwana. Dare shida ana haka, hutun dare ɗaya ba ya goge su duka.

Yaya ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: "To kai yanzu me kake so in yi? In daina barcin Lahadin?"

Na ce a'a, Yaya, kada ka daina. Wanda ake bi bashi ya biya rabi ya fi wanda bai biya komai ba. Akwai ma wani babban bincike na ƙasar Suwidin, na 2018, da ya samu cewa 'yan ƙasa da shekara 65 masu gajeren barci a ranakun aiki, in suna tsawaita shi a ƙarshen mako, mutuwa ba ta fi yawa a cikinsu ba, saɓanin masu gajeren barci kullum. Abin da nake roƙonka shi ne ka rage cin bashin. Ya yi shiru, ya ce kuɗin makarantar yara ba ya jiran barci. Ban da amsar wannan, kuma ban yi kamar ina da ita ba.

Laraba, 4 ga Disamba

Batirin na'urar awo ya mutu ranar Lahadi, ba mu auna kowa ba. Na sayi sabo.

Na kama kaina da laifi biyu. Tun da Turai suka mai da agogonsu baya a ƙarshen Oktoba, wasannin Zakarun Turai na Talata da Laraba ƙarfe tara ake take su, a tashi sha ɗaya saura, kafin a gama musu a gidan kallo sha biyu ta gota. Duk daren wasa awa huɗu da rabi nake samu. Na biyu goro. Ina cin ɓari biyu a shago bayan magariba don kada in yi gyangyaɗi gaban masu saye. Sinadarin da ke cikinsa shi ne na kofi, kuma bayan awa biyar rabinsa na nan a jini. Daga yau ba goro bayan la'asar.

Lahadi, 22 ga Disamba

Na ce zan dawo kan maiɗakina. Shafinta ne mafi muni a littafin, kuma shi ne na fi jinkirin kallo da idon basira, domin a gabana abin ke faruwa shekara da shekaru.

Daren Talata na farka wajen ɗaya da rabi, na ga ba ta ɗakin. An kawo wuta. Na same ta a tsakar gida cikin sanyin hunturun nan, ta yafa zane biyu, ta jona injin jan ruwa tana cika jarkoki, ga dutsen guga a kan tabarma da kayan makarantar yara huɗu, ga na'urar markaɗe tana jiran wake. Ta ce in ba ta yi yanzu ba, kafin asuba an ɗauke. Ta koma ta kwanta uku saura, huɗu da rabi ta tashi ɗora abincin da yara za su tafi da shi. Da safe ta rubuta a littafi da hannunta: goma da rabi zuwa ɗaya, uku zuwa huɗu da rabi. Awa huɗu, a yanke biyu.

Asabar ɗinta wanki ne da kitson yara da gidan biki. Lahadi ta fi kowace rana aiki. A mako goma sha ɗaya da muka rubuta, babu rana ɗaya da ta kai awa bakwai. Maganar ramuwar ƙarshen mako, ko ta tabbata ko ba ta tabbata ba, ba ta ma iso ƙofar ɗakinta ba. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta sa barci cikin abubuwa takwas da lafiyar zuciya ta dogara a kansu tun 2022, awa bakwai zuwa tara ga babba, a sahu ɗaya da abinci da motsa jiki da barin taba. Ina tunanin mata nawa ne a Hayin Banki da Badarawa da Kawo ke kwana irin nata, kuma in jininsu ya hau a ce tunani ne ya yi musu yawa.

Mun zauna mun raba aikin. In an kawo wuta da dare, ruwa nawa ne, ni zan tashi. Guga ta koma kan babban ɗanmu, ya yi ta da dutsen gawayi ranar Lahadi da yamma, na mako guda gaba ɗaya. Ranar Asabar bayan asuba ɗakinta a rufe yake har tara, ni da yara mu ji da karin kumallo. Ta ce: "Malam, mutane za su ce na mallake ka." Na ce su faɗa.

Awonta na yau 134 bisa 86.

Lahadi, 12 ga Janairu, 2025

Shafin direba ya rikita ni. Makonni uku da suka wuce motarsa na gareji, yana kwana awa takwas har da ɗoriya, amma ya ce yana tashi kamar an yi masa duka, da ciwon kai, kuma jininsa bai sauka daga 160 ba. Matarsa ce ta warware mana, ta bakin maiɗakina. Ta ce minsharinsa har zaure ake ji, kuma yakan yi shiru ɗif kamar numfashi ya tsaya, sai ya ja shi da ƙarfi kamar wanda aka shaƙe. Haka yake yi har gari ya waye.

Wannan ciwo ne da likitoci suka sani, maƙogwaro ke toshewa cikin barci, iskar jini ta ragu, jiki ya firgita ya farka ba tare da mai shi ya sani ba, sau da yawa a dare guda. Yana daga cikin abubuwan da ke sa hawan jini ya ƙi jin magani, ya fi kama masu ƙiba da kaurin wuya, kuma ga mai tuƙa mutane a hanyar Zariya haɗarin ya wuce na zuciyarsa shi kaɗai. Irin wannan ko Asabar goma aka haɗa masa ba za ta biya ba, domin barcin ne kansa ya lalace. Na raka shi asibiti ranar Alhamis, an ba shi ranar ganin likitan ƙirji.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Na ƙara layi ɗaya a littafin: tazarar da ke tsakanin daren da mutum ya fi saurin kwanciya da wanda ya fi jinkiri a mako. Abin da ya sa, na ci karo da wani binciken Amurka na 2020 da ya bi dattawa kusan 2,000 na kimanin shekara biyar. Waɗanda lokacin kwanciyarsu ko tsawon barcinsu ya fi yin tsalle daga dare zuwa dare, haɗarin ciwon zuciyarsu ya kusa ninka na masu tsayayyen lokaci. Wato jiki na son a riƙe masa alƙawari. A nan na ga muna da wata riba da ban taɓa lissafawa ba: asuba ta riga ta kafe mana lokacin tashi kwana bakwai a mako. Gefe ɗaya na igiyar a ɗaure yake. Saura lokacin kwanciya, kuma shi ne a hannunmu.

Na mai da rufe shago tara maimakon goma. Na lissafa cinikin wannan awa ta ƙarshe na wata guda, bai taka kara ya karya ba, yawanci masu zuwa hira ne. Waya tana kwana a falo. Yanzu ina kwanciya goma da kwata, ina samun kusan awa bakwai. Juma'a da Asabar ina yin ƙailula ta minti ashirin zuwa talatin bayan azahar, ba na bari ta zarce, don in ta kai la'asar daren ne ke biya. Abin da na lura, tun da na cike ramin ranakun aiki, ranar Asabar ko na koma bayan asuba barcin ba ya wuce awa ɗaya.

Awona na makonni uku a jere: 131 bisa 84, 129 bisa 82, 130 bisa 82. Ba zan rantse barci ne kaɗai ba, tunda na bar goron dare, sanyi ma ya fara sauƙi, kuma sanyi kan ɗaga jini. Maiɗakina ta haura awa shida a karon farko. Yaya bai motsa ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Azumi tara yau. Jadawalin kowa ya wargaje, kamar yadda muka zata: tarawihi, sahur ƙarfe huɗu da rabi, ga zafi ya shigo, ɗaki ba ya kwantuwa sai dare ya raba. Na buɗe sabon shafi na watan daban, don kada in gauraya shi da na baya. Ni ina kwanciya goma, in tashi huɗu, in ƙara awa ɗaya bayan asuba ranakun da ba ofis. Sahur kuma tun da yamma ake dafa shi, ɗumame kawai ake yi, don maiɗakina ta samu ƙarin minti arba'in.

Hankalina na kan Yaya, domin ɗinkin Sallah ya fara shigowa, irin lokacin da ya kayar da shi bara. Jiya bayan an sha ruwa na je shagon. Na tarar ya liƙa kwali a jikin ƙofa, ya rubuta da alƙalamin maka cewa daga goma ga azumi ba ya karɓar sabon ɗinki. Ya ɗauki ƙarin yaro ɗaya mai yin aikin wuya. Ban tambaye shi ba, shi ya fara magana, idonsa na kan allura.

"Ranar Laraba na je ganin likita. Ya ƙara mini ƙwaya ɗaya. Na nuna masa littafin naka, ya daɗe yana duba shafina."

"Me ya ce, Yaya?"

"Ya ce in kawo shi duk zuwa."

Mun yi yarjejeniya zai kashe keke sha biyun dare har goman ƙarshe, barcin Lahadinsa kuma yana nan. Wani mutum ya shigo da shadda kala uku a leda muna zaune, Yaya ya nuna masa kwalin, ya ce gobe ne rana ta ƙarshe, ɗaya zai iya karɓa. Mutumin ya yi ta magiya, ya ce zai ƙara kuɗi. Yaya ya auna shi, ya karɓi ɗaya, ya mai da masa biyu.

Awonsa na safiyar yau 146 bisa 92. Littafin saura shafi shida, gobe zan sayo wani.